Takarda Mai Gidan Dara

Ku da kuke zama kan bencin shagona kuna cajin waya, na sha jin abin da kuke faɗa in wani ya zo neman takardar giraf. Kukan ce wannan ai ba aiki ba ne, layi ne a tsaye da layi a kwance, ko makaho ya danna zai fito. Ba na tanka muku, don lokacin akwai mai jira. Yau da babu kowa, ku gyara zama ku ji yadda na koyi layin nan da kuke rainawa.

Aikin da aka fara ba ni a wannan sana'a ba bugu ba ne, jan layi ne. Maigidana Malam Jabbi yana da tebur a gindin wani dogonyaro kusa da kotu, nan Bodinga, da tafiretarsa guda. Shi yake buga wa mutane wasiƙa, da takardar koke, da yarjejeniyar sayen gona. To ita tafireta tana iya jan layin kwance, amma ba ta iya na tsaye. In hedimasta ya kawo jadawalin darussa, Malam Jabbi zai buga kalmomin ya bar fili, sannan ya miƙo mini takardar da rula da biro. Shi ya koya mini in fara ɗiga alama sama da ƙasa kafin in ja, in kifa rular don kada tawada ta bi ƙarƙashinta, in goge bakinta da gefen riga bayan kowane layi. In na karkace ba ya faɗa. Juya takardar yake yi ya ce, "Sake, Sahabi. Da ido ka auna, ni kau rula nib ba ka." Na daɗe ina wannan kafin ya bari yatsana ya taɓa tafireta.

Da kwamfuta ta fara shigowa, shi da kansa ya tura ni birnin Sakkwato na zauna shagon wani abokinsa na koya. Da na dawo muka kama wannan shago. Kwamfutarmu ta farko allonta ƙeya gare shi kamar tulu, firintar kuwa in tana aiki sai ka ce ana tsaga katako. Muna da ɗan janareto da sai ka ja igiyarsa har kafaɗa ta yi tsami. Malam Jabbi bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba har ya koma ga Allah. Bakin ƙofa yake zama, mai wasiƙa ya faɗa masa damuwarsa, shi ya tsara maganar, ni in buga.

Wata ranar hantsi wani mutum ya tsaya da babur a ƙofar nan, hannun rigarsa duk alli. Ya yi sallama, suka gaisa da Malam Jabbi, sannan ya leƙo.

"Kai na Sahabi mai kwamfuta?"

"Ni na, Malam. Sannu da zuwa."

"Sunana Attahiru. Lissahi nika koyarwa can Shagari. Takardar giraf nika biɗa."

Ban ma san ta ba. Ya buɗe wani littafi ya zaro guda ɗaya, ta tsufa har ta yi ja, bakinta ya cinye. Gidaje ne ƙanana ƙanana, irin zanen da mata ke kira gidan dara, kowanne tsawonsa da faɗinsa ɗaya.

Ya ce, "Ita ɗai ta rage man. Yara sun kusa jarrabawar hita, kuma akwai waɗanda ba su taɓa aza fensir bisa irinta ba. Bisa allo nika zana musu, su kwaikwaya cikin littahi, kowa da girman gidanai. Ran jarrabawa in anka miƙa musu ta gaskiya sai su tsaya suna kallo. Kwamfutarka tana iyawa?"

Na ce tana iyawa, don ni ma a lokacin irin tunaninku gare ni.

Akwai manhajar lissafi a kwamfuta, wadda in ka buɗe za ka ga shafinta dama a tsattsage yake gida-gida. Da ita nake yi wa makarantu jadawali. Na ce to ai an gama rabin aiki. Na zaɓi shafin gaba ɗaya, na je wurin faɗin gida na sa lamba, na je wurin tsayinsa na sa irin lambar. Da na danna sai gidajen suka fito dogaye kamar bulo. Na sake, haka. Malam Attahiru ya jawo kujera ya zauna kusa da ni, muka zuba wa allo ido.

Abin da ba mu sani ba shi ne, manhajar ba da ma'auni ɗaya take auna su ba. Faɗin gida tana auna shi ne da yawan baƙaƙen da zai ɗauka, tsayi kuma da wani awo dabam na masu ɗab'i. Kamar ka auna tsawon ɗaki da taku, faɗinsa da kamu, ka ce tunda goma-goma ne ai daidai suke. Ranar ba mu gano ba, man janareto ya ƙare, ya hau babur ya koma.

Sai a zuwansa na gaba na lura da wani abu. In ka kama bakin gida da linzami kana ja, wani ɗan rubutu yana fitowa da lamba biyu. Ta biyun tana ƙirga ɗigon allo ne, kuma ita wannan iri ɗaya ce ko a tsaye ko a kwance. Na ja faɗi har ya kai wata lamba, na ja tsayi ya kai ita. Gidaje suka tsaya cas a kan allo, gwanin kyau. Muka buga. Malam Attahiru ya ɗora rula, ya ƙirga gida goma a kwance, ya ƙirga goma a tsaye, ya girgiza kai.

"Na tsaye sun ɗara da kamar ƙwarar gero."

"Malam, ƙwarar gero ɗai?"

"Gida goma ke nan. In yaro ya kai ƙarshen takarda, da'ira tai ta zama ƙwai."

Nan na koyi cewa abin da allo ya nuna dabam, abin da firinta ta haifa dabam. Akwai wurin da ake ce wa firinta ta matse aiki ya shiga shafi ɗaya. Wannan shi ne babban maƙiyin takardar giraf, don matsewar tana canza girman gida ba tare da ta gaya maka ba. Sai ka kashe shi, ka bar aikin a girmansa, ka rage bakin takarda da hannunka, ka ƙirga gida nawa shafin zai ɗauka ka tsaya nan. Sannan ka ƙara ɗigo ɗaya a nan, ka rage ɗaya a can, ka buga, ka auna, ka sake. Daga baya an fito da sabuwar manhaja da za ka rubuta santimita kai tsaye, abin ya yi sauƙi. Amma ko ita ban taɓa miƙa wa mutum takarda ban auna ba, don kowace firinta da halinta.

Malam Attahiru ne ya kawo dabarar gwaji. A buga guda biyu, a juya ɗaya a gicciye a kan ɗayar, a fita bakin ƙofa a ɗaga su saitin rana. In gidajen daidai suke, layukan za su hau kan juna su zama ɗaya. In akwai kuskure, za ka ga layi ya rabu biyu yana ƙara buɗewa zuwa gefe. Ranar da suka hau juna tun daga wannan baki har wancan, ya daɗe riƙe da su sama bai sauke ba. Malam Jabbi ya ce daga inda yake zaune, "In kun gama duban wata, ku matsa man daga haske."

Bayan girman gida akwai kaurin layi. Na farkon da na yi baƙi ne wuluk, fensir ba ya fitowa a kai. Muka mai da ƙananan layuka sirara masu ruwan toka, kowane na biyar muka ɗan ƙara masa kauri don ido ya sami wurin hutawa. Akwai kuma injin fotokwafi, wanda zafinsa ke jan takarda. Kada ka kuskura ka yi kwafi daga kwafi, kullum daga uwar za ka ɗauka. Da damina kuwa takarda tana shan danshi ta nannaɗe cikin inji, don haka nake ajiye tawa a cikin bokiti mai murfi, ga shi can har yanzu.

Malam Attahiru ya naɗe ɗaurin takardunsa a leda, ya ɗaure bayan babur da roba ya tafi. Bayan jarrabawa ya dawo da zabbi biyu daga garinsu Lambara. Ya ce da aka raba takardar giraf a ɗakin jarrabawa, yana leƙe ta taga, babu yaron da ya tsaya kallo, kowa fensir ya ɗauka. Tun daga shekarar, duk lokacin jarrabawa sai ya zo, malaman wasu makarantun ma suka biyo shi.

Amma kada ku ɗauka 'yan makaranta kaɗai ke sayenta. Akwai Alhaji Modi, manomin albasa daga Danchadi. Ya zo a buga masa wasiƙa ya ga takardar a kan tebur, ya ɗauka yana jujjuyawa. Ya tambaya ko ana iya ƙara girman gidajen. Na ƙara. Ya zauna a nan ya zana fadamarsa kaf, kowane gida fangalin albasa ɗaya, ya ja inda rijiya take da inda ruwa zai bi. Da ma kowace shekara sai sun yi gardama da ƙannensa kan wanda za a fara ba wa ruwa. Daga ranar sai dai ya shimfiɗa takarda a kan tabarma kowa ya ga nasa.

Wadda ta fi ba ni mamaki ita ce Hajiya Luba ta Sifawa, dattijuwa mai koya wa matan unguwarsu saƙa. Jikarta ta kai takardar gida daga makaranta, ita kuma ta ga ai za ta yi zanen fure, kowane gida ƙulli ɗaya. Ta aiko aka saya mata. Ba a daɗe ba sai ga ta da kanta, ta ajiye wata rigar sanyi ta jariri a kan teburina.

"Ɗana, diba huren ga. Bisa takarda kyakkyawa na, zagaye. Ga riga kuma kamar an zauna mai."

Na ce, "Hajiya, takardata daidai take. Na auna."

"Ban ce ba daidai take ba. Ƙullin saƙa shi na ba daidai ba. Hwaɗinai ya hi tsawonai. Ka yi man gida irin nai."

Na sa rula a kan rigar, na ƙirga ƙulli a kwance da a tsaye, na ga gaskiyarta. Ni da na sha wahala kafin in raba gidajen nan da kamannin bulo, ranar da hannuna na mai da su masu ɗan faɗi. Ta gwada, fure ya fito zagaye. Na yi wa wannan shafi suna dabam a kwamfuta, duk matar da ta zo ta ce "irin ta Hajiya" na san abin da take nufi.

Sai shekarar da ba na mantawa. Malam Jabbi ya riga ya rasu, shago ya koma hannuna. Farkon damina tiransifomar unguwarmu ta ƙone, aka yi ta alkawarin gyara babu labari. Fetur kuma ya yi wuya, sai ka wuni a layi ka dawo da galan wayam. Janareton ya fara tari na kai shi gyara. Ranar da aka dawo da shi na tayar, wutar ta zo da ƙarfin da ya wuce misali. Na ji wani ƙara, sai hayaƙi daga bayan kwamfuta, da wari kamar ana babbakar kai. Kwamfuta ta tafi, firinta ta tafi. Duk abin da na tara a ciki ya tafi: tsarin wasiƙun Malam Jabbi da na adana, da takardar giraf ta makaranta, da ta Alhaji Modi, da ta Hajiya. Na kai birni, mai gyara ya buɗe ya duba ya mayar da murfi ya turo mini kayana.

Masu aiki suka riƙa zuwa suna komawa, daga baya suka daina zuwa. Wanda ke da buƙata ya hau mota ya tafi birni. Ni kuwa na koma gona noman gero, shago sai in buɗe da yamma in share in rufe. Da abin ya yi nisa na yanke shawarar in mayar wa mai gida makullinsa.

Ina cikin fito da bencin nan da kuke kai sai ga Alhaji Modi, ya zo cin kasuwa.

"Ina za ka da benci?"

Na gaya masa. Ya leƙa cikin shago, ya dubi ƙonanniyar kwamfuta, ya dube ni.

"Mai da shi ciki."

"Alhaji, babu wuta, babu inji."

"Na ji. Mai da shi ciki nic ce."

Washegari motar ɗaukar albasa ta tsaya a ƙofar nan. Aka sauke farantan sola da yake ban ruwa da su, da batir, da na'urar da ke juya wutar. Ya ce, "Damina ta, ba ni ban ruwa sai kaka ta wuce. Suna can aje kaji na hawa. In albasa ta tashi ka maido man." Bai tsaya jin godiya ba, ya ce rana na yi.

Labari ya kai wa Malam Attahiru. Ya zo da 'yar kwamfutarsa ta ɗorawa a cinya, wadda wasu baƙaƙenta suka goge, ya ce in riƙe har in sami tawa. Batirin ba zai iya ɗaukar babbar firinta ba, sai na samo wata ƙarama ta hannu mai tawadar ruwa. Na zauna na sake gina takardun nan ɗaya bayan ɗaya. Lambobin da na yi amfani da su a tsohuwar kwamfuta ba su yi aiki a wannan ba, sai da na koma buga, auna, sake. Ita tawadar ruwa kuma gumin hannu kaɗai yana narkar da ita. Na rage duhun layi, in na buga sai in shanya takardun a kan igiya cikin shago kamar wanki. Mai wucewa ya leƙo ya yi dariya. A haka 'yan jarrabawar shekarar suka sami takardarsu, matan Sifawa ma suka sami tasu kafin sanyi. Bayan kaka aka gyara tiransifoma, na ɗora farantai a mota na kai Danchadi da kaina.

Yanzu aikin ya ragu, ban musa muku ba. Shagunan littattafai sun yawaita, kuma kowa na iya sauko da takardar giraf a waya. Sai dai ta wayar girmanta guda ne, yadda mai ita ya ga dama.

Bara wata mata ta yi sallama a nan, ta durƙusa ta gaishe ni. Ta ce ita Hajo ce, 'yar Malam Attahiru. Na san ya yi ritaya ya koma Lambara, amma ban san ciwo ya same shi ba. Ɓarin jikinsa na dama ne ya shanye, hannu ya daina aiki, harshe ya yi nauyi.

Ta ce, "Baba Sahabi, asibiti sun ce shi dinga gwada rubutu da hagu. In munka ba shi farar takarda, baƙaƙe sai su yi ta yawo, ransa shi ɓaci shi yar da biro. Mun gwada ta giraf, gidajen sun yi mai ƙanana. Shi yac ce in zo wurinka."

Na ce ta zauna. Na buɗe shafi, na yi gidaje manya, kowanne faɗin yatsu uku, na kwantar da takardar don hannu ya sami fili, na yi layin da kauri yadda ido ba zai wahala ba. Baƙi ɗaya, gida ɗaya. Ɗaurin farko ni na kai masa.

Na same shi a zaure kan tabarma, an jingina shi da matashi. Ya rame. Aka ɗora masa takarda a kan faranti, ya dube ta, ya ce wani abu da ban ji ba. Hajo ta sunkuya ta saurara, sai ta rufe baki tana dariya.

"Wai yac ce, ko akuya ana ɗaurewa cikin wanga gida."

Ya riƙe biro da hagu kamar mai riƙe ludayi. Baƙin farko da ya yi, duk girman gidan sai da ƙafarsa ta fita waje. Ya yi na biyu, ya fita. Bai yar da biron ba. Na baro shi yana na gaba.

Daga nan Hajo takan biyo in ta shigo kasuwa. Wani lokaci ta ce a ƙara irin na da. Wani lokaci ta ce, "Baba ya ce a rage kaɗan." Sai in rage, in auna, in ba ta. Daga yatsu uku muka koma biyu. Muka daɗe a biyu, har na ɗauka nan za mu tsaya. Sai kuma aka aiko a rage.

Makon jiya ina goge firinta na ji tsayuwar babur. Malam Attahiru ne, ɗansa ya goyo shi. Aka sauko da shi a hankali, ya dogara sanda ya shigo da ƙafarsa, ya zauna a kujerar gefen tebur. Muka gaisa. Maganarsa tana fita ɗai-ɗai, amma ban nemi mai fassara ba.

"Sahabi. Santimita ɗaya."

Na ce, "Malam, ba ta yi ƙanƙanta ba?"

"Buga."

Na zaɓi shafin, na sa faɗi, na sa tsayi, na buga, na auna, na ajiye a gabansa. Ya danne bakin takardar da sandarsa don kada ta motsa, ya ɗauki birona da hagu. Ya fara rubuta sunansa, baƙi ɗaya gida ɗaya. Yana tsayawa ya huta, ya ci gaba. Ɗansa na tsaye a ƙofa bai ko motsa ba. Kowane baƙi ya zauna cikin gidansa, har aka zo na ƙarshe, wutsiyarsa ta ɗan taɓa layi.

Ya matso da takardar kusa da ido ya duba. Ya ja tsaki, ya ture ta gefe, ya miƙo mini hannu.

"Ba ni wata."

Na ba shi.